Renon Murjani a Dogo Tebo

Hannunta na fara gani, kafin fuskarta. Wata Asabar ce da hantsi, ina tura kekena da ya yi faci ta wani lungu a Dogo Tebo, sai na hangi hannu ya fito daga inuwar wani zaure ya shiga cikin rana, riƙe da 'yar kwalba wadda ba ta fi yatsa tsawo ba. Ruwan da ke cikinta ja ne, irin jan zoɓon da aka tsinka. Ɗaya hannun yana ɗiga wani abu a ciki, wata murya kuma tana ƙirgawa a hankali da Larabci. Na tsaya. Da ta wuce ashirin, ruwan nan ya juye ya koma shuɗi, ina kallo.

Salati ya kufce mini da ƙarfi. Hannun ya koma ciki da sauri, wani tsoho kuma ya tuntsire da dariya daga cikin zauren.

Ya ce, "Jingine keken ka shigo, Malam. Ba tsafi ba ne, ka ji tana ƙirga da harshen Alƙur'ani."

A lokacin shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a firamare, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Ba ni da wani abin so da ya wuce 'yan ƙananan littattafan soyayyar nan da ake bazawa a tabarma a bakin tasha, kusa da mai maganin ciwon kai. Na Turanci da na Hausa duk ina saye, in karanta har bangon ya fita. A cikinsu na koyi cewa masoyi na gaskiya ba ya tambaya. Yakan je ya aikata babban abu a ɓoye, ya kawo shi ba zato, budurwar ta rufe fuska ta fashe da kukan murna. Na riƙe wannan darasi fiye da duk abin da aka koya mini a makarantar horon malamai.

Tsohon nan ɗan garinmu ne. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, ya sauke farali, amma a hanyar dawowa ya tsaya a wani gari na gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, ya yi shekara talatin da 'yan kai. A can ya yi aure, a can matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Aikinsa kula da akwatunan gilashi na waɗansu Turawa masu binciken halittun teku. Da tsufa ya zo masa ya ce a gida yake so a binne shi, sai ya taho da 'yarsa a jirgin sama, da buhu uku na gishirin teku, da wani akwatin katako cike da kwalabe, da manyan filas guda biyu da ya rungume a cinya har Kano.

Abin da ke cikin filas ɗin shi ya nuna mini ran nan. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar zana mai 'yar kafa a sama, akwai akwatin gilashi da bai fi akwatin lefe girma ba, an liƙe gefensa da kwalta. A cikin ruwan akwai abubuwa uku kamar ƙananan itatuwa marasa ganye, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba, launinsu tsakanin ƙasa-ƙasa da kore. Ya ce in sunkuya in duba da kyau. Na sunkuya. Jikinsu duk wani irin gashi ne siriri, yana motsi, yana buɗewa yana rufewa.

Ya ce, "Murjani ke nan. Wanda matanku ke ratayawa a wuya ƙashin gawarsa ne. Wannan mai rai ne."

'Yar tana tsaye a bakin ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce da wata Hausa mai nauyin Larabci, "Baba, ce masa kada ya sa hannu."

Maganar farko ke nan da na ji ta yi a kaina, na kuma yi sati ina jujjuya ta.

Na zama ɗan gida. Babu wutar lantarki a lungun, ruwan kuma yana son iska, don haka Baba ya samo tif ɗin tayar babbar mota, a cika shi da famfon keke safe da yamma, iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan ta robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, tana tasowa a ruwan tsil-tsil. Ni na karɓi aikin famfon. Da bazara mukan lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu mu yi ta yayyafi. Ruwan rijiya ba a kusantar da shi, sai ruwan sama da ake tarawa da damina a manyan randuna shida, a rufe bakinsu da laka.

Gwajin kuwa nata ne. Baba ya yi mini bayaninsa: murjani da wani sinadari da ke cikin ruwan teku yake gina ƙashinsa, sunansa kalsiyam, kullum yana zuƙe shi. A teku ba ya ƙarewa. A akwati yana ƙarewa, ido kuma ba ya ganin haka. Sai a ɗebi ruwan a 'yar kwalba, a sa hodar da za ta mai da shi ja, a riƙa ɗiga maganin gwaji ana ƙirgawa har ya koma shuɗi. In an kai ɗigo ashirin zuwa sama, lafiya lau. In ya juye da wuri, ruwan ya talauce. Sai a jiƙa cokali guda na farar ƙasa, wadda ake ƙonawa a shafa wa bango, a cikin ruwan sama, a bar ta ta kwanta, a tsiyaye garai-garan saman a ɗiga a akwatin a hankali, yini guda.

Ina jin wannan bayani da kunne ɗaya. Idona yana kan yadda take kama leɓenta na ƙasa da haƙori in tana ƙirga.

Baba ya shekara ɗaya da rabi a gida, ya rasu da sanyi. Kafin ya rasu ya ba ni ita, da yardarta. Bayan arba'in wasiƙa ta zo daga ƙanen mahaifiyarta, ya ce ta koma can gaɓar teku, ɗakin uwarta yana nan. Ta karanta mini ita, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin akwatin kwalabe.

Na ce, "Za ki tafi?"

Ta dubi gilashin ta ce, "Ba za su iya tafiya ta biyu ba, Malam. Ni kuma ba zan bar su ba. Su kaɗai suka rage da suka san Baba, suka san can."

Ba ta ɓoye mini komai ba. Na aure ta ina sane da cewa abubuwan nan uku su ne igiyar da ta ɗaure ta a Potiskum. Fatana shi ne kafin wani abu ya same su, ni ma in zama igiya. A littattafaina ana yin haka cikin shafi talatin.

Da yake akwatin ba ya ɗaukuwa, ni na tare a gidan. Inna, mahaifiyata, ta zo ta ga abin da ya sa ɗanta na fari ya bar gidan ubansa. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ta taɓe baki.

"Wannan ne murjanin? 'Yar nan, an cuci babanki. Murjani ja ne, ina da shi a adudu. Wannan ai citta ce ta faɗa ruwa."

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ran nan suka shaƙu. Inna ta koya mata miyar kuka, ita kuma ta koya wa Inna shan shayi da kirfa.

Shekararmu ta farko daɗi ce. Da safe in rana ta faɗo ta kafar rumfar, gashin nan yakan buɗe gaba ɗaya, mu zauna a tabarma ɗaya muna kallo, tana ba ni labarin inda ruwa ba shi da ƙarshe, inda in ka leƙa daga kwalekwale za ka ga irin waɗannan sun yi daji, kifaye masu launin atamfa suna kiwo a ciki. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba. Nakan rufe ido in ga kaina a kwalekwalen, ita a gabana.

A shekara ta biyu, wadda damina ta yi gardama, ɗigon ya fara raguwa. Ashirin da biyu ya koma sha tara. Bayan sati biyu, sha bakwai. Ta ƙara ruwan farar ƙasa, bai tashi ba. Tsinin rassan ya fara kodewa.

Ban taɓa ganin mutum ya bi abu da haƙuri irin yadda ta bi wannan ba. Da farko ta zargi maganin gwajin, ko ya tsufa. Ta gwada shi da ruwan sama, ya juye a ɗigon farko, yadda ya kamata. Ta gwada da na rijiyarmu, ya ba ta huɗu, kamar yadda yake bayarwa tun Baba na da rai. Maganin lafiyarsa ƙalau. Ta zargi kwalbar, ta wanke ta sau bakwai. Ta saka wani sandan gilashi mai shawagi da ke nuna ƙarfin gishiri, ya tsaya a kan zanensa. Sai ta zargi farar ƙasar kasuwa, ko an gauraya ta da toka. Inna ta kwance tsohon wuri, irin kuɗin da, wanda ke jikin wata ƙwarya ta gado ta ba ta, na kai wa maƙerin unguwa ya ƙona shi a wutar zuga-zugi har ya yi fari, muka daka, muka jiƙa. Wuri ai ɗan teku ne, na ce lallai wannan karon an dace. Sati ya zagayo, sha shida.

Maganin gwajin kansa ya kusa ƙarewa, kwalba ɗaya ta rage, babu kuma inda za a samo shi a nan. Ta daina gwajin kullum, ta koma Juma'a zuwa Juma'a. Tsakanin Juma'o'in nan ba ta cin abinci sosai.

Wata rana ta kankaro wani farin ɓawo daga jikin gilashin da bakin robar iska, ta murje shi a yatsa ta nuna mini.

"Ka gani? Yana shiga, amma ba ya zama a ruwan. Faɗowa yake yi ya manne. Akwai abin da ke riƙe shi, shi ne babu."

Ta ɗauko littafin Baba, wanda ya rubuta da ajami, ta yi kwana uku a kansa. Rana ta huɗu na dawo daga makaranta na tarar fuskarta ta sake. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani mai tsawo. Daga baya na tattaro abin da ta ce: gishirin da aka busar daga teku ba ya dawo da duk abin da ke cikin ruwan, akwai wani gishiri mai ɗaci, irin wanda ake sha a asibiti don wankin ciki, shi ne ke hana kalsiyam faɗuwa. Na kemis ɗin garinmu an haɗa shi da sukari da tsami, ba zai yi ba, don haka ta aiki wani direba maƙwabcinmu ya sayo mata zallansa a Kano, zai dawo cikin sati. Ta kuma faɗi abubuwan da ba a kusantar da su da ruwan ko kusa. Duk ta faɗa. Ni kuwa ran nan ta sa sabon tozali, murna kuma ta dawo mata da wani haske a ido da na yi wata biyu ban gani ba. Ina ta gyaɗa kai, ina shirya baitin da zan rubuta mata. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne an aiki direba. Har na ji wani ɗan kishi, a ce direba ne zai kawo ceto.

Ranar kasuwa na biya ta kara, kasuwar shanu, wajen Kawu, yayan Inna, dillalin shanu. Babarbare ne na gaske, a Hausarsa kowa namiji ne. Tun daga nesa ya hango ni ya ɗaga sanda.

"Ga mijin dutse! Yaya 'ya'yan naka, sun fara rarrafe?"

Dillalai suka bushe da dariya. Na gaishe shi, na zauna a gefen buzunsa, na ce 'ya'yan ba lafiya, sun rame, sun kode, ƙashinsu ba ya ginuwa.

"Ƙashi? To kai duk bokonka ba ka san maganin ƙashi ba? Dubi wancan bijimin. Wata biyu da suka wuce iska na kayar da shi. Me na ba shi? Mai jego in ya haihu, me ake dama masa? Doki in ya ƙi kiwo fa?"

Dillalan suka amsa baki ɗaya, "Kanwa!"

Ya zura hannu a buhu ya ciro mini kanwa ungurnu mai kyau, dunƙule biyu, ta bakin Chadi. Na sa a aljihu. Har na miƙe ya kira ni.

"Kai, ɗan ƙanwata. Ka tambayi Balarabiyar naka tukuna. Shi ya san abinsa, ni shanu na sani."

Na ce to. A hanya kuwa ina tuƙa keke ina ganin abin a raina: Juma'a ta zo, ta ɗaga kwalba a rana, ta wuce sha shida, ta wuce ashirin, ta juyo ta dube ni, ni kuma in yi murmushi in ce ƙasarmu ma tana da nata ilimin. In ce mata Potiskum ta karɓi 'ya'yan teku ta shayar da su abin da take shayar da nata. Har kalmomin na haddace.

Ran Alhamis suka tafi bikin suna a unguwar Yerimaram, ita da Inna. Na dawo daga makaranta bayan azahar, gida ba kowa. Na daka kanwar nan lukwi, na jiƙa da ruwan sama, ba na rijiya ba, na tace da sabon ƙyalle har sau biyu. Na kula ƙwarai. Wannan ya fi ci mini rai har yau, irin kular da na yi. Na yi bisimilla na tuttule kwano guda a ciki.

Inda ruwan kanwar ya sauka wani farin gajimare ya tashi, ya naɗe, ya bazu. Ya yi kyau. Na tsaya ina sha'awa, na ce ga ƙarfi nan yana shiga. Cikin ɗan lokaci akwatin duk ya koma kamar an dama farau-farau, ba a ganin rassan. Na jira ya washe. Bai washe ba. Wani farin gari ya fara sauka yana kwanciya a kan komai.

Da la'asar ta shigo da ƙullin cincin a hannu, tana yi mini labarin wata mata da ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Ta kai tsakiyar gida ta tsaya cak. Ƙullin ya faɗi. Ba ta tambaye ni komai ba tukuna, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Kanwa."

Na ce, "Don ƙashinsu ne. Kawu ya ce shanu…"

"Nawa?"

Na nuna mata kwanon. Ta rufe ido.

"Malam, ran Litinin na gaya maka. A nan kana zaune. Na ce ban da toka, ban da sabulu, ban da kanwa. Ka ce to."

Ta tace ruwan ta gwada. A ɗigo na shida ya juye. Kanwar ta kwashe ɗan abin da ya rage a ruwan ta zubar da shi ƙasa. Farin garin nan da na yi wa sha'awa, shi ne abincin nasu.

Ba ta yi kuka ba, aiki ta kama. Gishirin teku da ya rage bai cika kwano biyu ba, randa ɗaya ce kuma ke da ruwan sama, ita ma rabi, saboda daminar da ba ta yi ba. Ta haɗa abin da ya samu a babbar tasa, ta ciro su ɗaya-ɗaya da tafin hannu biyu, ta ɗauraye, ta sa a ciki. Ta ce in kawo famfo, na kawo. Ta ce in matsa daga hasken, na matsa. Iyakar maganarmu ke nan.

Washegari gashin bai fito ba. Rana ta biyu naman ƙaramin ya fara saɓulewa kamar fatar da ta ƙone, farin ƙashi ya bayyana, tasar ta fara wari. Ta yanke rassan da suka mutu da reza ko sauran za su tsira. Rana ta uku na biyu ya bi shi. Babban ya kai rana ta huɗu da ɗan kore a gindinsa, kamar girman farce. Da azahar shi ma ya tafi.

Da yammar ranar direban ya yi sallama. Ya shigo zaure da fara'arsa, yana cewa sai da ya zagaye kemis huɗu a Kano kafin ya samu zallan, amarya ta ba shi tukuici. Ta fito ta karɓi ƙunshin da hannu biyu, ta yi masa godiya, ta tambaye shi hanya, ta kawo masa ruwa ya sha. Da ya tafi ta ajiye ƙunshin a kan akwatin kwalabe, ta shiga ɗaki. Sai a lokacin na ji kukanta, ƙasa-ƙasa, da harshen uwarta.

Inna ta zo washegari. Ta dubi fararen ƙasusuwan a tasa ta ce, "Allah ya ji… to, me ake cewa ma?" Sai ta zauna ta rungume matata kawai. Ni ko kallona ba ta yi ba. Kawu ma ya zo, mutumin da ban taɓa ganin ya tsuguna wa kowa ba, ya tsuguna a bakin ɗakin matata.

Matata ta ce, "Tashi, Kawu. Kai ai ka ce a tambaye ni."

Ashe ya gaya wa Inna, Inna ta gaya mata.

Ban daddara ba. Da aka yi hutu na tafi Kano na sayo mata murjani ja, na gaske, zube uku, na ɓoye a ƙarƙashin matashinta don ta gani ba zato. Ta gani. Ta juya shi a hannu, ta dube ni da wani irin tausayi wanda ya fi zagi ciwo.

"Har yanzu ba ka tambaya, Malam."

Ta sa shi sau ɗaya, ranar sallah, don Inna.

Ta zauna da ni wata bakwai bayan haka. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta fasa dafa abinci ko wanke mini kaya ba. Ta wanke akwatin gilashin ta kife shi. Amma da safe in rana ta faɗo ta kafar rumfar, sai in ga ba ta san inda za ta sa kanta ba, ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Na yi ta ƙoƙarin zama dalilin zamanta, da baitoci, da tsire, da alkawarin zan kai ta Legas ta ga teku. Takan ce ta gode.

Da lokacin tafiyar alhazai ta mota ya matso, ta same ni a zaure ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ina neman izini."

"Don kanwar ne?"

"Na yafe maka kanwa tuntuni, Allah ya sani. Da kai ba ka zuba ba, wata rana zafi zai kashe su, ko gishiri ya ƙare. Amma da sun kai ni shekara biyar, ko shida, da wataƙila na saba. Da wataƙila mun haihu. Yanzu in na buɗe ido da safe ba abin da ke jirana."

Na so in ce ni fa. Na duba fuskarta na ga ta san zan faɗa, tana kuma roƙona kada in sa ta amsa. Na rubuta mata takardar saki don kada in bar ta a ɗaure a wata ƙasa, na raka ta tasha. Inna ta ƙulla mata kuka da daddawa. Motar ta nufi gabas, ta Maiduguri. Ba ta ɗauki ƙasusuwan ba, littafin Baba kawai ta ɗauka.

Na sake aure bayan shekara uku, Allah ya ba ni zuriya, na zama hedimasta. Littattafan tasha na daina saye. Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba, ban kuma yi tsammani ba. Abin da na riƙa rarrashin kaina da shi shekara da shekaru shi ne, ko ba komai ta koma. Wautata ta raba ni da ita, amma ta mayar da ita gida. Nakan gan ta a raina tana tafiya a bakin ruwa da yamma, ƙafarta a jiƙe.

Furfura ta riga ta cika mini kai lokacin da na haɗu da wani tela a wajen zaman makoki a Ngojin. Ya daɗe a Sudan, bai jima da dawowa ba. Hira ta kawo hira, na ambaci sunan mahaifinta. Ya ajiye kofin shayinsa.

"'Yarsa ungozoma? Ai maƙwabciyarmu ce."

Na ce a garin gaɓar teku?

Ya ce a'a, wane teku. Wani gari ne na manoman auduga, can tsakiyar ƙasar, inda mutanenmu suke da unguwa guda. Zazzaɓi ya kama ta a hanya, motar alhazai ta sauke ta a nan ta wuce. Ta yi wata biyu a kwance a gidan wata tsohuwa mai karɓar haihuwa. Kafin ta miƙe labari ya iso cewa kawun nata ya rasu, an sayar da gidan. Sai ta zauna. Ta koyi aikin tsohuwar, ta gaje ta, ta auri wani manomi mutumin kirki.

Na ce daga nan zuwa teku nisa ne?

"Kwana ɗaya da yini a jirgin ƙasa. Amma ban taɓa jin ta je ba. Kullum akwai mai naƙuda."

Ya ce rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, har da nasa biyu. Ba a taɓa ganin ungozoma mai wanke hannu irinta ba, har tsokanarta ake yi. Ta rasu shekara biyu kafin ya taso, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar bayan gonakin. Ta bar 'ya'ya mata uku, babbar ita ke karɓar haihuwa a unguwar yanzu.